Kawu Kofur da Dokar da Ya Nema

Daga Allah muka zo, wurinsa za mu koma, Kawu kuwa ya riga mu. Ya rasu a Salaga da hantsin wata Talata, farkon shigowar sabuwar doya, a gidan da aka haife shi. Yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya yi aikin ɗan sanda tun yana saurayi har gemunsa ya yi fari, a Salaga da Yendi da Bawku. Duk zangon nan, wato unguwarmu ta Hausawa, da Kofur aka san shi, ko da yake an cire masa igiyar kofur ɗin tun kafin in yi aure.

Na halarci jana'iza da yawa, amma ban taɓa ganin irin tasa ba. An taru, ba a ce ba a taru ba. Sai dai da liman ya juyo ya tambayi jama'a wace shaida za su yi wa mamaci, sai aka yi tsit, kowa yana jiran na kusa da shi ya fara. Can muryoyi suka taso ɗaya bayan ɗaya, ana cewa mutumin kirki ne, wasu da ƙarfi, wasu kamar an matse su. Wani tsoho a bayana ya ce a hankali, shi dai ba zai yi ƙarya a gaban gawa ba, ba kuma zai faɗi gaskiya ba.

Akwai wani mahauci a kasuwarmu, tsoho, wanda yake tafiya a karkace. Bai zo salla ba. An wuce da makara ta gaban rumfarsa, bai ko miƙe ba. Amma da azahar sai ga cinyar sa guda an kawo daga rumfar, wai a dafa wa masu zaman makoki. Inna, wato mahaifiyata, ta tsaya a tsakar gida tana kallon naman, ta rasa ko ta karɓa ko ta mayar.

Ranar sadakar bakwai kuma wata tsohuwa 'yar ƙabilar Konkomba ta iso daga wajen Yendi, a ƙasa, da ƙwaryar gyaɗa a ka. Ta zauna a ƙofar ɗakin mata ta yi ta kuka. Matan gida suka ɗauka wani alheri ya taɓa yi mata, suka tambaye ta. Ta amsa da 'yar Hausarta ta kasuwa.

"Shi ya kama ni. Shi ya sake ni. Na zo in gani ko gaskiya ya mutu."

Suka ce to, ta yafe masa? Ta ce ba ta sani ba. Ta ajiye gyaɗar, ta sha ruwa, ta kwana, ta koma.

Bayan an watse Inna ta ce in rubuta wani abu a kan yayanta, don jikoki kada su san shi ta bakin kasuwa kaɗai. Na karɓa da sauri, ina ganin abu ne mai sauƙi, tunda na shekara da shekaru ina zama kusa da shi. Da na zauna sai na ga ban san ta inda zan kama shi ba. Abin da na gani da abin da ya gaya mini shi zan faɗa, in ya fito a hargitse, haka yake a kaina.

Ba ya shiga cikin gida da kayan aiki. Akwai wani turke a bangon zaure, nan yake rataye jar dara da kulki, ya wanke hannu har gwiwar hannu kamar mai alwala, sannan ya yi sallama. Ba ya cin abinci a gidan da ya je kama mutum, ko ruwa ba ya sha, ko da daga nesa ya taso. Yana son dafaffiyar doya da manja da barkono, yana ci a hankali, ba ya magana sai ya gama. In aka aiko shi ko aka gaya masa an ce a yi kaza, tambayarsa guda ce: wa ya ce, kuma ina iyakarsa? Har mu a gida mun gaji da wannan tambaya. Inna ta taɓa ce masa in mutum ya aike shi sayen gishiri ma sai ya tambayi iyakarsa. Ya yi dariya, abin da ba kasafai yake yi ba, ya ce gishiri ma in ba a faɗi iyakarsa ba ai miya ba ta ciyuwa.

Kakanmu falke ne, mai fataucin goro. Da yaƙin basasar da ya watsa Salaga ya cinye dukiyarsa, 'ya'yansa maza biyu suka rabu hanya. Babban ya kama karatu, shi muke kira Kawu Malam. Ƙaramin, wato Kawu Kofur, ya ga Turawa suna ɗaukar masu jin Hausa aiki, ya tafi ya sa kaki. Kawu Malam ya rantse ba zai ci ko ƙwayar hatsin da aka saya da albashin ƙanensa ba, kuma ya riƙe rantsuwar. Gida ɗaya suke, sahu ɗaya suke salla, amma tukunya biyu. Muna tasowa muka tarar da haka, ba mu ga wani abin mamaki a ciki ba.

Labarin Yendi bai ba ni shi a zama ɗaya ba, gutsure-gutsure na tara. Da Jamus suka bar garin, Ingilishi suka karɓa, aka tura shi can yana kofur. Ya ce ya tarar mutane sun saba da bulala, har in ka ce wa mutum zo nan, sai ya kwanta rubda ciki tun ba ka tambaye shi komai ba. Ya tambayi sajensu da wace doka za su yi aiki a wannan gari. Saje ya ce ta Jamus ta tafi, ta Ingila ba ta gama isowa ba, ta sarki kuwa ba tasu ba ce, a yi abin da aka tarar ana yi.

Aka aike su wani ƙauyen Konkomba su kawo maza don aikin hanya. Mazan suka ji labari suka shige daji. Saje ya ce a kwashe matan, in an riƙe su mazan za su fito da kansu. Kawu ya kwashe su. Aka zaunar da su a filin bariki cikin rana, a cikinsu akwai wata mai tsohon ciki. Ya ce ya kai mata ruwa, ya mayar da ita gindin kuka, yana ganin ya yi abin kirki. Kafin mijinta ya fito cikin ya zube. Kawu ne ya sake ta ba tare da an ba shi oda ba, ya ɗora ta a kan jaki ya mayar da ita ƙauyensu. Ita ce tsohuwar da ta zo da gyaɗa.

Da aka sake aikensu irin wannan aike, ya ce ba za shi ba. Aka kai shi gaban Baturen da ke riƙe da wajen. Kawu ya sha gaya mini cewa Baturen nan ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi rikita shi. Da tafinta ya gaya masa maganar matan sai ransa ya ɓaci, ya ce shi bai taɓa cewa a kama mata ba. Kawu ya ce to, ranka ya daɗe, a hana. Bature ya ce doka ta ce a kawo maza su yi hanya, ba ta faɗi yadda za a kawo su ba, wannan sha'anin saje ne. Amma ƙin bin oda, wannan kam doka ta faɗa, kuma ta faɗi hukuncinsa.

"Abin da doka ba ta faɗa ba fa, wa zai ɗauki alhakinsa?" in ji Kawu.

Ya ce Baturen ya daɗe yana kallonsa, sannan ya yi wata magana gajera. Tafinta ya juyo ya ce, "Ya ce kai."

Ranar aka cire masa igiya.

Da a nan labarin ya tsaya, da na san abin da zan rubuta. Amma bayan an dawo da shi Salaga aka sace wani sa a rugar Fulani, wani ya nuna mahaucin nan ya ce ya ga fatar a wurinsa. Kawu ya je rumfa da rana tsaka, kasuwa ta cika. Mahauci mutum ne mai zafin baki, ya ce ba zai amsa wa karen Nasara tambaya ba. Kawu ya zare kulki. Waɗanda suka gani sun ce bai tsaya ba sai da mutumin ya daina motsi. An karya masa haƙarƙari da ƙugu. Ba a yi mako ba aka ga san da ransa, ya bi wani garke ya ɓace.

Da mahauci ya soma fitowa, Kawu ya je masa da kayan aiki a jikinsa, a gaban mutane, ya miƙa masa kulkin ya ce ya rama. Mahauci ya dube shi sama da ƙasa ya ce shi ba ɗan sanda ba ne, ba ya dukan wanda ya miƙo hannu. Kawu ya wuce bariki ya kai ƙarar kansa. Sajen da ke nan ya yi dariya har da hawaye, ya ce ya koma bakin aikinsa, bai karya wata doka ba, ai bincike yake yi.

Wannan abu bai bar shi ba har ya mutu. In muna zaune a zaure sai ya ce, "Ɗan ƙanwata, na ƙi kama mata, an ce na karya doka. Na karya mutum, an ce ban karya doka ba. Kai da ka yi karatu, warware mini." Ban taɓa iya warware masa ba.

Na Bawku kuwa da idona na gani, kuma a jikinmu ya faɗa. Lokacin na girma, ina fataucin shanu tare da Baba. Mukan saro su daga ƙasar Mosi, mu biyo ta Bawku, mu gangaro Salaga, mu ƙetare kogi zuwa kudu. Wata shekara cutar bushiya ta shiga shanu, aka ce duk garken da ya ƙetaro iyaka a tsare shi sai likitan dabbobi ya sallame shi. Muka iso muka tarar Kawu ne a bakin hanya. Baba ya yi murna, ya ce Allah ya kawo mana sauƙi, tunda shanunmu lafiyarsu ƙalau. Kawu ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi Inna, sannan ya nuna mana shingen da ake killace shanu ya ce mu shigar da su.

A cikin shingen nan akwai marasa lafiya. Baba ya roƙe shi, ya ce ko a bar mu mu yi namu zangon a gefe. Kawu ya ce odar da aka ba shi wuri ɗaya ta ambata. Muka shiga. Muna nan muna kallon shanunmu suna zawo suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, sai ga garken wani attajiri ya iso, ya fi namu yawa nesa ba kusa ba. Wani masinja ya zo a kan keke ya yi magana da Kawu, wai izini ne daga sama. Kawu ya ƙame ya sara, garken ya wuce ta gabanmu.

Baba ya taka har inda yake. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Yaya, dokar taka ido ɗaya gare ta?"

"Ban sani ba," in ji Kawu. "Abin da na sani, in na sake ka yau, gobe ba ni da bakin tsare kowa."

"Yanzun nan da ka sara wa shanun wancan, kana da bakin?"

Kawu ya juya ya koma bakin hanya. Da yamma ya zo da ƙwaryar tuwo daga bariki, Baba ya ce in mayar masa. Mun fita daga shingen da abin da bai kai rabin shanunmu ba, kuma Baba bai ƙara komawa arewa ba. Bai sake yi wa Kawu magana ba har ya bar duniya, in ban da amsa sallama. Inna ta shekara da shekaru tana tsakanin miji da wa, ba ta taɓa cewa ga mai gaskiya ba. Ni ma na yi fushi da shi, na daɗe ina fushi. Daga baya na ji cewa shingen nan ya hana cutar gangarowa garuruwa da dama, na kuma ji wasu suna cewa garken attajirin ne ya kai ta kudu duk da haka. Har yau ban san ko Kawu ya cuce mu ba ne ko ya yi abin da ya kamata. Watakila duka biyun, in hakan yana yiwuwa.

Bayan ya ajiye aiki ya dawo gida, sai aka ce sarakuna za su riƙe nasu 'yan doka, aka ɗauki samari aka ɗinka musu riguna. Dattawa suka kira shi fada don ya koya musu fareti da sarawa. Na raka shi. Abin mamaki, Kawu Malam ma yana cikin masu zama, don ana neman shawararsa a kan shari'a.

Kawu ya ce fareti ko biri zai iya koya. Ya ce shi abin da yake roƙo, tunda ana tsara sabuwar doka, a sa a cikinta abin da ɗan doka ba zai yi ba, ba abin da zai yi kaɗai ba. Kada ya kama mace a madadin mijinta, ko ɗa a madadin ubansa. Kada ya daki wanda ya miƙo hannu, ko ya zage shi. Ya gaya wa mutum dalilin kama shi tun a wurin. In an tsare talaka a kan abu, a tsare mai kuɗi a kan abin, in kuwa za a ɗaga wa wani, a faɗi dalili a fili. Sannan a sami inda mutum zai kai ƙarar ɗan doka wanda ba wurin ubangidan ɗan dokan ba ne. Ya ce kuma kada a bar wannan a cikin akwatin ofis, mai shela ya faɗe shi ranar kasuwa da Hausa da Gwanja da Dagbanci, don mai sayar da dawadawa ma ta san inda hannun ɗan doka ya tsaya.

Wani dattijo ya ce in talakawa suka san iyakar ɗan doka ai ba za su ƙara jin tsoronsa ba, in kuwa ba tsoro, da me zai yi aiki? Kawu ya ce wannan tambaya ce ta gaske, kuma ba shi da cikakkiyar amsarta. Ya ce shi ma ya ga ɓarawon da ba ya jin komai sai sanda. Sai Kawu Malam ya yi gyaran murya, ya ce duk wannan tsawaita magana ce. A zaɓi samari masu tsoron Allah a ba su rigar, mai tsoron Allah ba ya bukatar a lissafa masa abin da ba zai yi ba.

Kawu ya juya ya dubi wansa. Shekaru ke nan ban ga sun haɗa ido ba.

"Yaya, ranar da na daki mahauci, a bayanka na yi sallar asuba."

Kawu Malam ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Aka tashi a kan za a duba. Daga baya na ji an gaya wa samarin su riƙa faɗa wa mutum dalilin kama shi, sauran ban ji labarinsu ba, shela kuwa ba a taɓa yi ba. Amma washegari da rana na shiga zaure na tarar da 'yan'uwan biyu a kan tabarma ɗaya, akushi ɗaya a tsakaninsu, suna cin doya ba mai magana. Ban san ko daga tukunyar wa ta fito ba, ban kuma tambaya ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba, ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya yi nauyi. A cikin kwanakin nan babban ɗana ya zo mini da magana. Ana ɗaukar 'yan sanda a Tamale, yana so ya je. Yaro ne mai hankali, ya iya karatun boko da na allo, ba shi da saurin hannu. Uwarsa ta ce sam. Ni kuwa sai na tafi wurin Kawu, ina ganin duk duniya ba wanda ya fi shi sanin amsar.

Na same shi a jingine da bango, an fito da shi shan iska da safe. Na gaya masa. Ya rufe ido ya daɗe, har na ɗauka barci ya ɗauke shi. Sannan ya ce, "Kada ka bar shi. Za su ba shi sanda, ba za su gaya masa inda zai tsaya ba, ranar da ya wuce kuwa shi kaɗai zai ɗauka." Na ce to, na ji, na yunƙura zan tashi. Sai ya kama bakin rigata.

"Amma in irinsa ba su shiga ba, wa zai shiga?"

Na koma na zauna. Na ce Kawu, to wanne ke nan? Ya ce in bari ya yi tunani, in dawo jibi. Jibin ita ce Talatar.

Bayan sadakar arba'in yaron ya ɗaure kayansa. Ban ce ya tafi ba, ban ce kada ya tafi ba. Na raka shi tashar lori da sassafe, ana ta loda doya. Ya hau ya zauna a kan buhu, sannan ya leƙo ya ce, "Baba, an ce ka tambayi Kaka. Me ya ce?"

Na gaya masa duka biyun, yadda aka gaya mini, ban rage ba ban ƙara ba. Ya zuba mini ido, yana jiran sauran. Na ce ba saura. Direba ya tayar da mota, yaron yana ta kallona har suka sha kwana.

Ya Allah, Kai ne ka san abin da Kawu ya yi da abin da aka sa shi ya yi, ka san inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara, mu ba mu sani ba. Ka yi masa rahama, ka sanyaya zukatan waɗanda hannunsa ya taɓa. Ɗana kuma da ke can yana koyon riƙe sanda, ka riƙe masa hannu. Amin.